Damben boksin: kuɗi na Riyadh, 'yan kallo kuma suna ina?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan sharhin da shirinku na wasanni ya yi game da yadda Saudiyya ta zama cibiyar damben boksin ta duniya. Mai sharhin ya yaba, kuma ban ga laifinsa ba. An shafe shekaru masu shirya wasa suna ja-in-ja kan rabon kuɗi, kowa na ɓoye gwaninsa kada a doke shi, har muka fitar da rai da ganin manya sun haɗu. Sai da Turki Alalshikh, shugaban hukumar nishaɗi ta Saudiyya, ya buɗe bakin jaka sannan Tyson Fury da Oleksandr Usyk suka kara a Riyadh ranar 18 ga Mayu, 2024. A daren ne ajin masu nauyi ya sake samun zakara ɗaya tilo wanda ba a jayayya a kansa, abin da rabon a gani tun nasarar Lennox Lewis a 1999.

Inda nake da ja shi ne yadda aka yi maganar 'yan kallo sama-sama, kamar dai ado ne da za a iya yi ko babu shi. Duk wanda ya taɓa shiga gidan damben gargajiya ya san ba haka ba ne. A ɗauke makaɗa da 'yan ihu, a bar maza biyu su kaɗai a fili, a ga ko hannu zai fita yadda ya saba. A Afrilun 2017 mutum 90,000 ne suka cika filin Wembley na Landan don karawar Anthony Joshua ɗan Birtaniya da Wladimir Klitschko. Joshua ya sha ƙasa a turmi na shida, ƙafafunsa na rawa, numfashi ya ƙare masa. Mu da ke gidan kallo a nan, ta cikin akwatin talabijin muna jin filin yana ruri kamar zai tsage. Ya lallaɓa ya farfaɗo, ya gama da Klitschko a turmi na sha ɗaya. Ba wanda zai gamsar da ni cewa wannan ihun bai taimaka masa ba.

Bayan shekara biyu da 'yan watanni, a Disambar 2019, Joshua ɗin nan ya je karɓo kambunansa daga hannun Andy Ruiz a Diriyah ta Saudiyya, cikin filin wucin gadi mai kujera wajen 15,000. Tun daga lokacin abin da muka saba gani ke nan: sahun gaba cike da manyan baƙi da taurari irin su Cristiano Ronaldo, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, wani lokaci har kana jin umarnin da koci ke ba ɗan wasansa saboda shiru. Direban motar haya da ya bi Fury tun yana dambe a ƙananan zaurukan Ingila, da me zai biya jirgi da masauki da tikiti?

Ban ce taron gida ba shi da illa ba. Yakan ja hankalin alƙalai idan aka zo ƙirga maki, kuma ba ya hana faɗuwa: a gaban mutanen Joshua na Landan Usyk ya ƙwace masa kambunansa a 2021. Wani kuma ba shi da zaɓi. Yaƙi ya hana Usyk yin wasa a ƙasarsa Ukraine, shi ya sa a 2023 aka kai karawarsa da Daniel Dubois birnin Wroclaw na Poland, inda 'yan Ukraine da yawa ke zaune, suka kuma fito da tutocinsu. A nan an yi tunanin masoya kafin a zaɓi wuri.

Kuɗin gwamnati a dambe ma ba yau aka fara ba. Mobutu, shugaban Zaire (Kongo ta yau) na lokacin, ne ya jawo Muhammad Ali da George Foreman Kinshasa a 1974, aka fara wasan wajen ƙarfe huɗu na asuba don ya dace da masu kallo a Amurka. Amma talakawan gari ne suka cika filin, kimanin 60,000, suna kiran sunan Ali, kuma har yau ba a ba da labarin daren ba tare da su ba. Kafin nan, a 1963, Dick Tiger ɗan Najeriya ya kare kambunsa na duniya a hannun Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan. To, a Maris ɗin 2024, Joshua mai tushe a Shagamu da Francis Ngannou ɗan Kamaru suka haɗu, sai ga shi a Riyadh aka yi. Da a Legas ko Yawunde ne, da ba a samu masaka tsinke ba.

Mu 'yan gidan kallo kam Riyadh ta yi mana daidai ta fuskar lokaci, don awa biyu ce tsakaninmu, ana gamawa wajen tsakar dare. Na Las Vegas sai mutum ya kwana zaune, mai janareta na ƙorafin mai, a tashi ana kiran assalatu. Amma jin daɗinmu bai isa hujja ba.

Saudiyyar da kanta ta nuna akwai mafita. A Satumbar 2024 ta ɗauki nauyin karawar Joshua da Dubois a Wembley, mutum fiye da 90,000 suka shiga, 'yan wasa suka kwashi rabonsu, masoya suka kama jirgin ƙasa suka koma gida. Ina roƙon shirinku, duk lokacin da za a kawo labarin babban wasa, bayan an faɗi miliyoyin da kowa zai samu, a gaya mana mutum nawa filin ke ɗauka da kuma nawa ne tikiti mafi araha.

Na gode.

Mai sauraronku a kullum,
daga Kano