A koma teburin magana da Nijar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga gwamnatin tarayya kan dangantakarmu da Nijar.

Mu nan Zariya muna ganin kuratan sojoji a Depot suna atisaye tun asuba, yara ƙanana, wasu ko gemu bai fito musu ba. Su ake turawa dazukan Sakkwato da Kebbi su fuskanci Lakurawa, su kuma ke tsaye a bakin Tafkin Chadi. Ta yaya za su tsare iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 alhali maƙwabcinmu ya juya mana baya?

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A watan Maris kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa mai yaƙi da Boko Haram. Wannan janyewa ta fi tayar mini da hankali, domin ɗan ta'adda yana kai hari nan ya kwana can.

Ko Yamai ta kori Faransa ta rungumi Rasha, ruwanta ne. Mu dai musayar bayanan sirri da sintiri tare muke nema. A sa sarakunanmu da malamai cikin maganar, don Katsina da Maraɗi dangi ne.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Zariya