A Daina Cike Kududdufai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in koka kan yadda ake cike kududdufai ana yanka filaye. A bayan gidanmu a Ringim akwai wanda kakanninmu suka haƙa garin ɗiban ƙasar gini. Duk ruwan unguwa can yake gangarawa, yara na kamun tarwaɗa, awaki na sha. Aka cike shi da shara aka sayar. Daminar 2022 ruwa har ƙarƙashin gadon mahaifiyata, gero buhu huɗu ya jiƙe.

Birnin Kano ma haka ake ta yi wa nasa, ga shi kwalbatocin kullum a toshe da leda. Don Allah hukumomin tsara gari a Dutse da Kano su killace ragowar kududdufai da fadamu, a dasa darbejiya a bakinsu.

Naka,
Wani manomi daga Ringim