Rahoton Ƙungiyar Iyaye da Malamai na Shekarar Karatu da Ta Ƙare

Assalamu alaikum iyayen yara da malamanmu.

Zango uku sun cika, yara sun karɓi sakamako sun tafi dogon hutu, ga kuma bayanin abin da kwamiti ya yi da amanar da kuka ɗora masa. An yi zaman kwamiti duk wata da babban taro duk zango, bayanansu suna wurin sakatare.

Za mu fara da rufin aji huɗu, tunda shi ake tare mu da shi a masallaci da bakin kasuwa. Iskar farkon damina ce ta yaye shi. Da kafinta ya hau, ya tarar gara ta cinye katakon ta ciki, kuma tun asali ba a ɗaure shi da jikin gini da langa-langa ba, ƙusa kawai aka buga. Tagogin ajin ba su da murfi, sai iska ta shiga ta ɗaga rufin gaba ɗaya. Kwanon da ya faɗo ya lanƙwashe, ramukan ƙusa sun yage, ba ya komawa sama. Kwamiti ya sayi katako tu-bai-fo, da langa-langa, da ƙusa mai hula, aka shafe katakon da baƙin mai saboda gara, sai kuɗi ya ƙare kafin a kai ga kwano. Masu cewa da kwano ya kamata a fara saye, su sani ba a ɗora sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako. Bandir ɗaya kwano 20 ne, kuma ɗaya ba ya rufe aji. Kayan suna kulle a ofishin shugaban makaranta, mai shakka ya zo ya ƙirga. Har aka yi hutu 'yan aji huɗu a cunkushe suke da 'yan aji uku, wasu a kan tabarma.

Dalilin ƙarewar kuɗin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin ƙungiya na kowane zango ku kuka yanke shi, kuka ɗaga hannu a babban taro. Ma'aji ya aika takarda ta hannun yara, an sanar a WhatsApp, an bi wasu har gida, amma mutanen da suka biya a zangon farko su ne dai suka biya a na uku. An yafe wa marayu da marasa hali, da mai hali muke magana. Wasu suna cewa ai ilimi kyauta ne. Gaskiya ne, dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole, shi ya sa ba a kori yaro ko ɗaya a kan wannan kuɗi ba. Amma kuɗin ƙungiya daban, kuɗin makaranta daban. Mun kai takardar neman gyara ga hukuma, sai dai damina ba ta jiran takarda.

Famfon tuƙa-tuƙa ya dawo aiki. Robar silinda ce ta cinye, shi ya sa ake ta bugu ruwa ba ya hawa. Makanike ya zaro bututu da sanduna, ya canza robar da bututun da suka yi tsatsa. Ya ce a riƙa sa wa sarƙar giris duk wata, a hana yara lilo da hannun famfon.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne ranar rabon kyaututtuka. Tun da safe rumfuna suka cika, iyaye mata sun fi maza yawa, har kujeru suka kasa. 'Yan aji shida sun buɗe da karatun Alƙur'ani, aka yi muhawara da kacici-kacici da wasan kwaikwayo a kan talla lokacin makaranta. Amma inda fili ya yi tsit shi ne lokacin da aka miƙa wa wata 'yar aji biyu takardar da ba ta taɓa gani ba. Ta riƙe ta da hannu biyu, tana bin layi da yatsa, ta tsaya a kan "ƙwarya", ta rarraba ta gaɓa-gaɓa, ta wuce har ƙarshe. Guɗa ta tashi daga ɓangaren mata.

Wannan aikin malamai ne na shekara guda. Kullum kafin darasin farko suna raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon aji ba: waɗanda ba su san baƙi da wasali ba, masu haɗa ba, bi, bu, da masu karanta jimla. Katunan haruffa da kwalin taliya suka yanka su. Inda yara suka fi tuntuɓe shi ne bambanta b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, kuma malamai sun yi ta maimaitawa har ya zauna. Malaman aji shida sun riƙa tsayawa bayan tashi suna shirya yara don jarrabawar shiga sakandare, ba su nemi ko sisi ba.

Muna godiya ga shugaban makaranta da mataimakinsa, da malamai maza da mata, da malamin Arabiyya, da Baba maigadi wanda ya tattara kwanon da ya faɗo cikin ruwan sama don kada a sace, da Iya mai shara. Allah ya saka muku da alheri. An ba malamai mata turmin atamfa, maza kuma yadin shadda. Kuɗin wannan daga gudummawar wasu iyaye ya fito, ba a taɓa na rufi ba. Ranar rabon kyaututtuka janareta ya mutu ana tsakiyar jawabi saboda mai ya ƙare, baɗi za a ɗora wa mutum guda alhakinsa.

Saura kwano, da murfin tagogi, da ƙofar banɗakin 'yan mata. Babban taro na gaba Asabar ta biyu bayan komawa makaranta, a nan za a karanta takardar ma'aji. Wanda ake bi bashi ya zo da kuɗinsa, kafintoci da magina da ke cikinmu kuma su ba da sunayensu ga sakatare kafin ranar.

Sakatare, a madadin kwamiti