Na sa hannu a takardar binciken ciwon hanjin ɗana, yanzu ina gidanmu

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya haƙuri da mu. Dan Allah idan za ki karanta ki ɓoye sunana da unguwarmu, dangin mijina kaf suna jin shirin nan. Yau kwanana uku a gidanmu ban runtsa ba, abinci ma sai Inna ta tsaya a kaina, kuma duk akan wata 'yar roba ce da ba ta kai gwangwanin tumatir ba. Wallahi Anti ni ban sayar da ɗana ba, Allah ne shaidata, amma abin da ake yaɗawa a dangi kenan.

Bari in faro miki daga farko. Abba ne ɗana na fari, shekararsa 15, yana makarantar kwana ciwon ya soma masa shekara biyu da suka wuce. Gudawa ce da jini da majina, a rana sai ya zaga sau takwas sau goma, cikin dare ma ba ya samun barci, yaro mai kunya ya ɓoye har sai da aka kira mu muka ɗauko shi kamar kara. Aka ce atini ne, na karɓo Flagyl a kemis, ta lafa sati biyu ta dawo, aka ce taifot, aka ba shi sifro, wani ya ce basir, Hajiya uwar mijina ta ce ɗankanoma ne ta aiko da jiƙo jarka guda, duk ya sha, rubutu ma ya sha. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu sannan Baban Abba ya yarda muka je asibitin koyarwa, kuma ni ce na sayar da 'yan kunnena na gwal na biya kuɗin kamarar nan da ake zurawa ta dubura a duba hanji, babu wanda ya tuna wannan yanzu. Sun fara duba ko tarin fuka ne na hanji don wai suna kama, ba shi ba ne. Likita ya ce sunan ciwon alsaratif kolaitis, kumburi ne da gyambo a babban hanji, garkuwar jikin yaron ce da kanta ke far wa hanjinsa. Yana da ɗan uwa ana ce masa Kron, shi wannan tun daga baki har dubura ko'ina yana iya kamawa, na Abba dai a babban hanji kawai ya tsaya. Ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba ya yaɗuwa, kuma ba a warkewa fes sai dai magani ya kwantar da shi, wata rana ya tashi. Har ya ce idan ciwon ya kai shekara takwas dole a riƙa duba hanjin lokaci lokaci saboda gudun ciwon daji, ranar a adaidaita na yi ta kuka har gida.

Aka ɗora shi akan mesalazin da firednisolon. Shi firednisolon ɗin ya kumbura masa fuska ya sa shi ci kamar gara, Yaya babbar yayar mijina ta ce ai ga shi nan maganin asibiti na lalata yaro, alhali ita ko sau ɗaya ba ta taɓa kwana da mu a asibiti ba, sai dai ta zo da lemo leda ɗaya ta zauna tana ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Matar nan tun ranar da aka kawo ni gidan ba ta ƙaunata, 'yar ƙawarta ta so ya aura, to ya auro ta daga baya ai, ita ce abokiyar zamana yanzu, amma ba wannan ya kawo ni ba.

Watan jiya da muka koma ganin likita sai ya ce suna wani bincike akan ƙwayoyin da ke zaune a hanjin masu irin ciwon nan. Ya yi min bayani da Hausa tiryan tiryan, ya ce kowane mutum akwai bakteriya tiriliyoyi a cikinsa, yawancinsu masu amfani ne, su ke narka harzar abinci su samar da abin da bangon hanji ke rayuwa da shi, to an lura masu ciwon Abba ire-iren nasu sun ragu, masu kwantar da kumburi sun yi ƙaranci, kuma masana na ta gardama ko rikicewar ƙwayoyin ce ke tada ciwon ko ciwon ne ke rikita su. Ya ce yawancin binciken nan akan Turawa aka yi shi, mu kuma da ke cin tuwo da miyar kuka da fura cikinmu ba ɗaya ba ne da nasu, ga shi ciwon da ake ganin na ƙasashen Turai ne yanzu yana ta bayyana a Afirka da Asiya. Abin da suke so kashin yaron ne kaɗan, da jini, da tambayoyin me yake ci. Ba sabon magani, ba allurar gwaji, kuma duk ranar da muka ga dama mu janye ba abin da zai taɓa maganinsa. Aka tambayi Abban ma ya ce ya yarda. Na sa hannu. Sun ba mu dubu biyar kuɗin mota, wannan dubu biyar ɗin ita ce yau ake cewa kuɗin da na sayar da ɗana.

To gaskiya na kira Babansa daga asibitin yana Legas wajen kaya, ya ce in bari sai ya dawo. Amma Anti mutumin da komai sai ya dawo, kamarar ma wata huɗu yana cewa sai ya dawo har yaro ya kusa tafiya, kuma ai bai ce a'a ba, cewa ya yi in bari, ni a ganina da bambanci.

Ranar da abin ya fashe, nas ta ba ni robar ta ce idan ya yi da daddare in ajiye a wuri mai sanyi in kawo da sassafe. Na ƙulle a leda uku na tura can ƙasan firij. Yaya ta zo ta buɗe neman zoɓo, kin ji inda tsautsayi ya faɗa. Ta ɗaga leda tana salati ta tara gida wai na ajiye najasa cikin abincin mutane zan kai wa boka, da na yi bayani sai ta ce to wannan ya fi muni, Turawa zan ba wa, wa ya san me za su haɗa da shi.

Kuskurena ɗaya da na yarda da shi, bakina. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta taɓa karanta min a waya cewa a waje har dashen kashi ake gwadawa, a tace na mai lafiya a zuba a hanjin maras lafiya don ƙwayoyinsa su zauna. Wai a Kanada a 2015 cikin waɗanda aka yi wa kusan 24 cikin ɗari ciwon ya kwanta, waɗanda aka zuba wa ruwa kawai 5 cikin ɗari, a Ostareliya a 2017 kuma 27 da 8. Ta ce manya aka yi wa, kuma ba abin wasa ba ne don a Amurka a 2019 wani ya mutu saboda kashin da aka sa masa na ɗauke da ƙwayar da ba ta jin magani. Ni kuma da mamaki ya ishe ni na ba wa abokiyar zamana labari muna tsinkar zogale har muna dariya. Ashe ta adana. Ranar firij sai ga ta tana cewa ai dama Maman Abba ta ce kashin wani za a ɗura masa. Anti likitan nan ko da wasa bai ambaci wannan ba, amma wa zai saurare ni.

Baban Abba ya dawo washegari ko ruwa bai sha ba. Ya ce na manta abin da aka yi a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da wani kamfanin Amurka ya gwada magani akan yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a faɗa musu gwaji ba ne. Na ce wancan magani aka ba su, wannan karɓa kawai ake yi, ga kwafin takardar ma ka karanta. Ya ce su ma ai da fararen riguna suka zo. Ya yaga takardar, ya ce tunda na iya yanke hukunci akan ɗansa ba da shi ba in je gida sai ya neme ni. Bai furta saki ba dai. Ni ban ce tsoronsa ba shi da tushe ba, amma da Yaya ba ta zuga shi ba da zama zai yi mu yi magana, na san mijina.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Cikin tambayoyin da suka yi min akwai sau nawa ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta tun yana ƙarami, Anti na kasa ƙirgawa. Tun yana goye ko atishawa ya yi sai na aika kemis a ba ni ja da baƙi ko Septrin, haka kowa ke yi a layinmu. Likitan ya ce irin magungunan nan ba sa bambance ƙwaya mai kyau da maras kyau, kuma an ga alaƙa tsakanin yawan shansu a yarinta da ciwon nan, ya ƙara da cewa alaƙa ce kawai kar in ɗora wa kaina, akwai gado akwai wasu dalilan. Amma tun ranar maganar take cina. Ƙila ma shi ya sa na yi saurin sa hannu, ina so wani ya duba ya ce min ba ni ba ce.

Yanzu Abba na hannun Hajiya. Ƙanwarsa ta kira ni a ɓoye ta ce an kwashe magungunan an koma jiƙo, ga shi likita ya ja min kunne cewa firednisolon ba a yanke shi lokaci ɗaya, a hankali ake ragewa, kuma jiya wai ta ga jini a masai. Ranar Alhamis ce ranar komawarmu asibiti.

To Anti da farko so na yi in tambaye ki ko binciken nan da cutarwa, ko ya halatta, ko in je in ce na janye a zubar da abin da suka ɗiba. Inna ta ce in kwantar da kai in ba da haƙuri har da Yaya a gaban mutane, Baffa ya ce kar in taka ƙafa sai an zo biko. Idan na ba da haƙuri ai na amsa cewa na sayar da shi kenan, kuma matar nan har abada za ta riƙa goranta min. Idan na jira biko wa zai ba shi maganin safe. Ko in je gidan Hajiya ranar Alhamis da asuba in ɗauko shi mu wuce asibiti, in ya so duk abin da Babansa zai yi ya yi? Dan Allah ki karanta tawa a shirin wannan satin kar ki bari sai na gaba.

Taki, Maman Abba.