Tsohon bashin katin banki a Amurka: kada a yi watsi da sammaci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Amurka kan ƙarar da ake shigarwa saboda tsohon bashin katin banki, al'amarin da ke tayar wa magidanta hankali a nan unguwar Bronx ta birnin New York.

Kwanakin baya wani maƙwabcina direban tasi ya zaro wata takarda daga aljihun motarsa, ta ninku har gefenta ya yi baƙi, ya ce in duba masa ko 'yan damfara ne. Ashe sammaci ne daga wani kamfani da bai taɓa jin sunansa ba, kan katin da ya kasa biya tun shekara huɗu da suka wuce, lokacin da rashin lafiya ta kwantar da shi. Irin waɗannan kamfanoni suna sayen tsofaffin basussuka daga bankuna a farashin banza, sannan su nemi cikakken kuɗin a kotu, suna sa ran wanda ake ƙara ba zai bayyana ba.

Abin da bai sani ba shi ne kowace jiha tana da wa'adin da idan ya cika, mai bin bashi ba shi da damar kai ƙara. A New York wa'adin shekara 6 ne a da, amma dokar da Gwamna Kathy Hochul ta sa wa hannu a 2021 ta mayar da shi shekara 3 daga 7 ga Afrilun 2022. A Kalifoniya da Texas shekara 4 ne. Sai dai a al'adar shari'ar ƙasar nan, wanda ake ƙara ne ke da alhakin faɗa wa kotu cewa wa'adi ya wuce, kuma a New York kwana 20 kacal yake da shi ya ba da amsa idan hannu da hannu aka miƙa masa sammacin, ko kwana 30 idan ta wata hanya ce. Wanda ya yi shiru yana iya wayar gari an yanke hukunci a bayan idonsa, a riƙe masa asusu ko a riƙa yankar albashinsa, kuma a New York hukuncin yana da rai har shekara 20. Washegari ni da maƙwabcin nawa muka je ofishin magatakardan kotu, ya cike takardar amsa cewa wa'adi ya wuce, kuma daga bisani kamfanin ya janye ƙarar.

Akwai wani tarko kuma. A jihohi da yawa, biyan ko da dala goma kan tsohon bashi yana iya sa lissafin wa'adin ya koma farko, shi ya sa masu bin bashi ta waya ke lallashin mutum ya "ɗan rage wani abu". New York ta toshe wannan ƙofa idan wa'adi ya riga ya cika, amma ba ko'ina ba ne haka.

Ba ina kiran kowa ya danne haƙƙin wani ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma cikar wa'adi damar ƙara kawai take kashewa, nauyin da ke wuyan mutum yana nan. Wanda ya sami hali ya biya, amma ya fara neman shaida a rubuce cewa bashin nasa ne, da adadinsa, da wanda ya mallake shi yanzu. Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu su riƙa gayyatar lauyoyin da ke taimako kyauta su yi wa jama'a wannan bayani bayan sallar Juma'a.

Wassalam,
Mai karatu daga Bronx, New York