Tsofaffin rumfunan tarho da 'yan dawunlodin

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya jama'a.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan rumfunan tarho na bakin titi, waɗanda a da ake shiga a saka kati a buga waya. A Ingila tun 2008 kamfanin tarho na BT yake ba unguwanni jajayen rumfunan nan a kan fam 1 kacal, wasu suka mayar da su ɗan wajen ajiye littattafai, wasu suka saka na'urar farfaɗo da zuciya. A New York kuma daga 2016 aka riƙa cire su ana kafa turakun LinkNYC masu intanet kyauta da wajen caji. Har akwai masu cewa a mayar da irinsu wajen sauke waƙa da fim.

To mu ai tun shigowar GSM a 2001 na NITEL suka zama tarihi, amma wannan aikin na sauke fim mun daɗe muna yinsa da kanmu. Ka leƙa kasuwar waya ta Farm Centre nan Kano ko bakin kowace tasha, za ka tarar da yaro da kwamfutarsa da ɗan janareto yana loda wa mutane fina-finai da waƙoƙi a memori, kuma wallahi ban ga laifin mai saye ba, data tsada, sabis ɗin ma yau akwai gobe babu, su kuma samarin nan da sana'ar suke ci da iyayensu. Abin da yake ci mini rai shi ne furodusan da ya zuba kuɗinsa, wani gidansa ya jinginar, sau da yawa ko sisi ba ya komo masa, ga kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta riga ta kwanta.

Shi ya sa nake ganin a ƙera mana namu rumfunan, ƙanana, da sola a kai, a ajiye a kasuwanni da tashoshi, fina-finan na cikin na'ura ba sai da data ba, ka biya ka tura a wayarka, na'urar ta ƙirga sau nawa aka ɗauki kowane fim, mai fim da mawaƙi su samu kasonsu. Kuma 'yan dawunlodin ɗin nan su za a damƙa wa, kar a zo a kore su a kawo 'yan uwan manya.

Ina roƙo ku tura wakilinku ya ji ta bakin ɓangarorin biyu, masu fim da 'yan dawunlodi, ya tambaye su kaso nawa kowa zai yarda da shi.

Naku,
mai karanta ku daga Fagge, Kano