Zuwa Ga Mamana, Kan Sabon Aikinki

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Gwaggonki da mutanen gidanta. Mu nan Zariya sai godiyar Allah.

Ummanki ta ba ni labarin hirar da kuka yi a waya. Ta ce ranki bai kwanta da aikin nan na kamfanin fansho ba, wai kin karanta ilimin halayyar ɗan Adam don ki zauna da marasa lafiya a asibiti, sai ga shi an ajiye ki a tebur kina yi wa mutane bayanin ajiya da tsarin kuɗi. Har ta ce kin kira shi karatun banza. Wannan kalmar ce ta hana ni barin maganar a waya, na ga gara in rubuta, ki karanta a natse.

Na koyar da lissafin kuɗi tsawon rayuwar aikina, na kuma riƙe ma'ajin ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata. A cikin waɗanda suka zo mini da matsalar kuɗi, kaɗan ne ƙwarai rashin iya lissafi ya kawo su. Mai tuyar ƙosai ta san kuɗin wake, ta san na mai da na itace, ta san ribarta har naira ɗaya, ba ta taɓa shiga ajina ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne kunya, da tsoro, da gudun abin da za a faɗa, da nauyin bakin cewa a'a ga ɗan'uwa. Waɗannan kuwa ba a ajina ake koyon su ba, a naki ne.

Duniya ma ta jima da gane haka. Daniel Kahneman, wanda ya karɓi lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2002, masanin halayya ne irinki. Richard Thaler ya karɓi tasa a 2017 a kan wannan layin. A Amurka tun 2010 aka kafa ƙungiya ta musamman ta masu haɗa shawarar kuɗi da kula da lafiyar tunani, kuma a 2021 hukumar da ke ba masu tsara harkokin kuɗi takardar shaida a can, CFP Board, ta sanya ilimin halayya cikin manyan darussan jarrabawarta. Wato abin da abokan aikinki za su koma su nema, ke da shi kika shigo.

Abu na farko da za ki gani shi ne, adadin bashin da mutum ya faɗa miki a zaman farko da wuya ya zama shi ke nan. Kada wannan ya ɓata miki rai, kada kuma ki ɗauke shi maƙaryaci. A cikin Bukhari, Nana A'isha ta ruwaito cewa an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, me ya sa yake yawan neman tsari daga bashi, sai ya ce idan mutum ya ci bashi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Kin kuma san addu'ar da muke yi safe da yamma, wadda ta fara da neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ta ƙare da neman tsari daga rinjayen bashi da danniyar mazaje. Nauyin bashi yana sauya halin mutumin kirki, kuma duk tsarin da kika zana a kan rabin gaskiya rushewa zai yi.

Wani dattijo ya taɓa zuwa ofishina yana gab da ritaya, ya ce a ba shi duk abin da ya tara a asusun ƙungiya. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana ta murza bakinta. Ya ce jari zai ja. Da na tambaye shi wace sana'a, sai ya kasa faɗa. Ban matsa ba, na tambayi iyali, na tambayi 'yarsa da na ji an sa wa rana. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Can sai ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun gaba, jerin kayan ɗaki ne da rubutun uwar yarinyar: gado, kujeru, firij, injin wanki, har da labule. Gidan da za a kai yarinyar masu hali ne, kuma ya rantse ba za a raina 'yarsa ba. A bayan takardar, da nasa rubutun, sunayen mutum uku ne da ya riga ya ci bashinsu, iyalinsa ba su sani ba. Da na buɗe masa littafi na nuna masa cewa lissafin bai fita ba, da ya yi godiya ya tafi ya nemi kuɗin a wani wuri da ruwa mai tsada, don ya fi ni sanin cewa bai fita ba. Abin da ya yi amfani shi ne da muka koma kan ainihin tsoronsa. Muka ware abin da dole a gani ranar jere da abin da zai iya biyo baya, ya amince ya zauna da uwar yarinyar ya faɗa mata halin da ake ciki, ya ɗauki kashi ɗaya na ajiyarsa ya bar sauran.

Ni da lalube na kai ga wannan, ke kuwa an koya miki shi da suna. Sauraron da Carl Rogers ya gina hanyarsa a kai, na karɓar mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, da salon tambayar da William Miller ya fara a 1983 don masu fama da shaye-shaye, inda ake barin mutum ya furta dalilin canjinsa da bakinsa, duka suna aiki a teburin kuɗi. "Me ya kai ka cin wannan bashin?" tuhuma ce. "Baba, ya aka yi abin ya kawo nan?" gayyata ce. Sai dai ki tuna ke yarinya ce a idonsu, kuma mace. Dattijon da ya isa ya haife ki zai ji nauyin buɗe miki cikinsa. Ki cika gaisuwa, ki tambayi gida da jiki, kada ki miƙa fom kafin ya gama zama. In adadi ya fito mai firgitarwa, ki riƙe fuskarki, don fuskarki yake karantawa kafin ya yanke shawarar faɗin sauran.

Na biyu, tsarin da ya fi kyau a takarda ba lallai shi ne wanda mutum zai iya riƙewa ba. Ki dubi adashi. A lissafin aji, wanda ya kwashi ƙarshe asara ya yi, ya ba da kuɗinsa babu riba, hauhawar farashi kuma ta ci wani abu a ciki. Amma mata a kowace unguwa suna zubi, kuma da shi suke sayen keken ɗinki da akuya da kwanukan 'ya'yansu. Sun san kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ba ya kwana, sun kuma san kunyar uwar adashi ta fi ƙarfin niyyar zuci. Thaler ya yi rubutu a kan yadda mutane ke raba kuɗinsu gida-gida a cikin kai, wannan na makaranta, wancan na Sallah, ba sa son taɓa ɗaya don ɗaya. Kada ki yaƙi wannan ɗabi'ar, ki yi aiki da ita. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun gwada sayar wa manoma takardar taki daidai lokacin girbi, sa'ad da kuɗi ke hannu, a kai musu shi gida kyauta, sai masu sa taki suka ƙaru. Manomin Giwa ko Soba da ya sayar da masara da kaka, kuɗin suka narke kafin damina, matsalarsa ke nan sak. Fanshon da kike aiki a kai ma haka aka gina shi: dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10, tun kafin albashi ya taɓa hannu.

A nan zan ja kunnenki game da littattafan waje. Yawancinsu suna ɗaukar mutum shi kaɗai ne da matarsa da 'ya'ya biyu. Albashin mutumin nan da ke gabanki akwai haƙƙin mahaifiyarsa a ciki, da kuɗin makarantar marayun wansa, da gudunmawar biki da suna, da ankon da ba a shawarce shi ba. In kika kira waɗannan ɓarna, kin zagi abin da yake tinƙaho da shi, ba zai dawo ba. Ki ba zumunci layinsa a cikin kasafin, da adadinsa, yadda in ya ƙare mutum zai iya cewa "wallahi na watan nan ya tafi, sai mai zuwa" ba tare da ya yi ƙarya ba. Wani lokaci babban taimakon da za ki yi shi ne ku zauna ku nemo kalmomin da zai faɗa wa ƙaninsa.

Kuma ba kowace matsalar kuɗi ce take a kai ba. Ina jin zafin masu tara talakawa suna ce musu tunaninsu ne ya talauta su. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira wata guda bayan haka, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Malamin firamare da albashinsa ke ƙarewa a tsakiyar wata ba shi da cutar da za ki warkar, kuɗin ne ba su isa ba. Binciken da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokansu suka fitar a 2013 ya nuna manoman rake a Indiya sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi fiye da kafinsa, mutanen nan dai, ƙwaƙwalwar nan dai. Rashi ne ke cinye hankali. Irin wannan mutumin ki taƙaita masa, mataki ɗaya a zama ɗaya, ki rubuta masa a takarda ya tafi da ita.

Za su zo miki bayan sun ƙone. Ki tuna tsare-tsaren damfarar nan masu alkawarin riba mai yawa: MMM ta rufe a Disambar 2016, CBEX ta bi sahu a Afrilun 2025, kuma a cikin waɗanda abin ya ci akwai masu digiri. Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi, kuma wanda ke cikin asara ya fi saurin yin kasada don ya farfaɗo. Shi ya sa wanda aka cuta sau ɗaya yake sake zubawa. Kada ki ce masa "ai an faɗa muku", ya riga ya faɗa wa kansa fiye da haka. Aikinki ki tsaya tsakaninsa da zubi na biyu. Haka matar da ta fita takaba da rabon gado a hannu, dangi sun kewaye ta kowa da shawararsa. Ki taimaka mata ta ajiye kuɗin a inda ba za su taɓu ba na 'yan watanni, sai zuciya ta lafa a yi maganar fili ko jari.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, Mamana. Ilimin da ke buɗe zuciyar mutum don a taimake shi, shi ne ke buɗe ta don a sayar masa. Za a yanka miki adadin mutanen da za ki kawo, wataƙila da kamasho a kai. Ke kin san inda tsoron tsoho yake, kin san kalmar da za ta sa ya sa hannu. Ranar da kika yi amfani da abin da mutum ya faɗa miki cikin rauni don ki cike adadin wata, kin ci amana, ko da doka ba ta kama ki ba. Hadisi ya ce wanda aka nemi shawararsa amintacce ne. In kina da kamasho a kan abu, ki faɗa. In abin da ya dace da mutum ba a kamfaninku yake ba, ki faɗa. In hakan ya jawo miki tsangwama a wurin aiki, ki kira ni mu yi shawara, gidan ubanki bai gaza ciyar da ke ba. Sirrin mutane kuma ya tsaya a ofis, ko Ummanki kada ta ji, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ki san iyakarki. A wannan kujerar ke mai ba da shawarar kuɗi ce, ba likita ba. Wanda ya ce barci ya ƙaurace masa, ko ya kasa barin cacar ƙwallo a waya, ko ya furta cewa gara ya mutu ya huta da masu bin sa bashi, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki haɗa shi da ƙwararru, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Barnawa a Kaduna kusa da ku, ki kuma yi masa maganar ta yadda ba zai ji kin kira shi mahaukaci ba. Rabon gado na malamai da kotu ne. Wanda ya ce yana gudun kuɗin ruwa kada ki ɗauke shi matsoraci, ki san abin da za ki nuna masa: bankin Jaiz yana aiki tun 2012, gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 2017.

Lissafin kuma ki koye shi da gaske, don tausayi ba ya gyara kuskuren adadi. Ki san dokokin PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, kamar yadda kika san darussanki, ki iya bambance biyan fansho na wata-wata daga asusun mutum da wanda kamfanin inshora ke biya har ƙarshen rai. In kin zauna daram, akwai cibiyar nazarin harkar kuɗi ta Musulunci a Jami'ar Bayero, ki duba kwasa-kwasansu.

In kin samu hutun ƙarshen wata ki zo da takardun da suka shige miki duhu, mu bi su tare bayan la'asar. Ummanki ta ce a tambaye ki ko kin fara zubin da ta sa ki a ciki. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Gwaggonki da kyau.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga haƙƙin mutane.

Naki,
Abbanki